Ƙwallon da Na Yi wa Faci Sau Tara

A Jega, bayan tasha, akwai rumfar kwano.
Ɗari biyu ka samu benci,
ɗari ka tsaya kana leƙe ta kafaɗar wani.
Nan muke biyan kuɗi mu ga masu kuɗi suna gudu.

Shekara goma sha ɗaya ina bayan kulob ɗaya
na garin da ban san ɗanɗanon ruwansa ba.
Ranar da aka zura mana biyar ban taɓa tuwo ba,
Labbo mai shayi ya raka ni da dariya har ƙofar gida.
Ban canza riga ba.
Ja ce, ta koɗe, ta koma launin tsohon bulo.

Sai wani attajiri ya saye mu,
kamar yadda ake sayen albasa a Aliero:
a ɗaga buhu, a jinjina, a ce a loda.
Ya sayo mana ƙafafu daga ƙasa bakwai.
Kuɗin ɗan baya ɗaya, in ji masu lissafin rumfa,
zai ja kwalta har ƙauyen kakata,
a yi canji.

Muka ɗauki kofi.
Daren nan janareta ya yi tari sau biyu bai mutu ba,
samari suka ƙona man bashi suna zagaya gari.
Na yi ihu, ba zan ɓoye ba,
na yi ihu har murya ta dishe.

Da safe na buɗe wurin faci,
injin iska na nan da ciwonsa na jiya.
Labbo ya miƙo kofi, na shayi, ya ce:
Arzika, barka da arziki,
amma wa ya ci, ku ko aljihun mutumin?
Na yi ta hura shayin da ya riga ya huce.

Juma'a bayan la'asar, filin firamare.
Yaran Bakin Kasuwa sun karɓi baƙi daga Maiyama.
Raga babu, gora biyu ne da igiyar guga.
Nomau a gola, da safar hannu ta masu ɗaukar siminti.
Malam Cindo, mai koyar da lissafi, shi ne koci,
shi ne mai ruwa, shi ne mai ɗaure targaɗe.
Kuɗin alkalin wasa a hula aka tara,
wata mai awara ta jefa hamsin ta ce ɗanta ne lamba shida.

Ƙwallon kuwa na san shi kamar tafin hannuna.
Sau tara na yi masa faci.
Ga inda ƙaya ta shiga,
ga inda keke ya taka,
ga inda ni kaina na kuskure da almakashi.

An ci mu biyu, mun rama ɗaya.
Ɗayan nan lamba shida ya sa shi da kai,
uwarsa ta bar awara a wuta ta shigo fili,
ba wanda ya ce ta fita.

Ni ban kalli ƙafar kowa sosai ba.
Idona na kan facina,
ina jin kowane bugu a haƙarƙarina.
Minti casa'in, iska ba ta fita ba.

Da magariba Nomau ya kawo shi a hammata,
ya ce, Baba, kamar ya fara laushi ta nan.
Na tsoma shi a ruwan baho,
muka durƙusa mu biyu muna jiran kumfa.

Gobe Asabar, manya za su buga.
Zan je, ɗari biyuna na aljihu,
zan sa jar rigar, zan yi ihu in an ci.
Amma sai na gama na goma.
Gam ɗin bai bushe ba tukuna.